Haɗin Senca na Bana: Bayanan Aiki daga Ɗakin Ɗanɗano a Shizuoka

9 ga Afrilu

Aikin da muka sa a gaba shi ne fitar da haɗin senca guda ɗaya daga ganyen tsinkar fari na bana, tare da takarda mai shafi ɗaya wadda za ta nuna wa mai dafawa yawan ganyen da zai auna, zafin ruwa, tsawon jiƙo, da abin da ya dace ya ajiye a gefen kofi.

Senca shi ne koren shayin da aka fi sha a gidajen Japan. Wanda ya saba da ataya sai ya ajiye abin da ya sani a gefe tukuna. Ganyen ataya daga Sin yake zuwa, a kasko mai zafi ake kashe ɗanyensa, shi ya sa yake jure tafasa a kan garwashi. Senca kuwa turara shi ake yi sa'o'i kaɗan bayan tsinka, a murza, a busar, bisa hanyar da ake danganta wa Nagatani Soen na Ujitawara, kusa da Kyoto, tun 1738. Ganyen da ya sha tururi yana sakin abin da ke cikinsa da wuri. In aka tafasa shi, ɗaci ne zai rufe komai.

Mafi yawan sencan da ke kantuna ba na gona ɗaya ba ne. Dillalan shayi ne ke sayen ganye daga wurare daban-daban su gauraya, aikin da suke kira gogumi. Da wuya ganye ɗaya ya haɗa launi, ƙamshi, kauri a baki da ɗanɗanon da ke saura bayan an haɗiye, kuma gonar da ta yi kyau bara ba lallai ta maimaita bana ba. Ganye uku muke nema: ginshiƙi, mai kawo launi da zaƙi, da mai kawo ƙamshi. Mun gindaya wa haɗin sharuɗɗa: ya kai jiƙo uku bai koma ruwa ba, kada ya ɓaci don zafin ruwa ya kauce da digiri 10, tunda a gida ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, sannan ya shiga da abinci mai zaƙi da mai gishiri.

Kayan aiki sun kammala: sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram, fararen kwanonin tangaran masu cin mililita 200 guda goma sha biyu, cokali mai raga, baƙin tire, agogo, ma'aunin zafi. Teburin yana ƙarƙashin tagar da ke fuskantar arewa, domin hasken can ba ya sauya launin shayi tsakanin safe da yamma.

17 ga Afrilu

Samfura biyar sun iso daga Kagoshima. Can kudancin Japan ne, ɗumi yana riga sauka, tsinkarsu takan riga ta Shizuoka, jihar da muke aiki a tsakiyar ƙasar, da kusan mako biyu. Yanki ne da ba a raina shi a harkar: a 2024 ya zarce Shizuoka a yawan ganyen da aka sarrafa, karo na farko.

Duka biyar ɗin araca ne, wato ganyen da aka turara, aka murza, aka busar a masana'antar da ke kusa da gona, amma ba a tankaɗe shi ba, ba a cire tsinke da gari ba, ba a yi masa gashin ƙarshe ba. Danshin da ya rage a jikinsa kusan kashi 5 cikin 100 ne.

Ana fara duba shi a bushe a kan baƙin tire, a ɗebo a tafin hannu. Mai kyau yana da nauyi da sheƙi, ya murzu sosai. Wanda ya tsufa a reshe shafal yake, da faɗi, launinsa ya koɗe. Daga nan giram 3 a kowane kwano, a cika da tafasasshen ruwa. Ana ɗago ganyen da cokali mai raga a shinshina tun yana tururi, a sake shinshinawa in ya fara hucewa. Don launi da ɗanɗano kuwa minti 5 ake bari kafin a tsame. Babu mai shan senca a haka. Da gangan ake gallaza wa ganyen, saboda ruwa mai ɗumi yana rufa wa ganye asiri, tafasasshe kuwa yana tona duk aibin da ke cikinsa.

Uku daga cikin samfuran irin Saemidori ne, wanda aka samo daga auren irin shayi biyu, Yabukita da Asatsuyu, aka yi masa rajista a 1990; biyu kuma Yutakamidori. Na uku ya faɗi tun a hanci: warin abin da aka rufe da ɗumi, ruwansa ya ɗan yi ja. Wannan alamar an jibge ɗanyen ganye ya ɗumame kafin ya kai ga tururi, kuma babu gashin da zai gyara shi. Yutakamidori biyun suna da launi amma baurinsu ya daɗe a dasashi. Na biyu muka riƙe. Saemidori ne da aka lulluɓe da baƙar raga kusan mako guda kafin tsinka. Ruwansa kore shar, da garɗi irin na romo, sai dai ba ya daɗewa a baki. Ba zai iya zama ginshiƙi ba, amma launi da zaƙi sun samu.

25 ga Afrilu

Kafin ganyen Shizuoka ya fito mun gwada ruwa. Ruwan famfon Japan ba shi da yawan ma'adinai, kuma a kansa aka gina ɗanɗanon senca. Mun jiƙa Saemidori da ruwan famfo da aka tafasa minti 3 murfi a buɗe don warin kulorin ya tashi, da wanda aka sauke da zarar ya tafasa, da kuma ruwan kwalba na Evian, wanda nauyin ma'adinansa ya kai kusan miligiram 300 a lita. Na biyun ya ɗauko warin magani ya danne ƙamshi. Na Evian ya yi dishi-dishi, ƙamshin ya kwanta, ɗanɗanon ya yi lami.

A takarda za mu rubuta a nemi ruwan da nauyinsa bai kai 100 ba. Wanda ruwan rijiyarsa ke barin farin ɓawo a gindin tukunya, ko yake da zartsi, gara ya sayi na roba ya karanta abin da aka rubuta a jiki. Ruwa mai ƙarfe ya fi kowanne ɓarna, yana mayar da koren shayi baƙi-baƙi.

2 ga Mayu

Dare na 88 daga farkon bazara a tsohon lissafin Japan a yau ko jiya yake faɗawa, kuma shi ne tsakiyar tsinkar fari a nan. Samfura shida daga tudun Makinohara, duka Yabukita. Wannan iri Sugiyama Hikosaburo ne ya zaɓo shi a Shizuoka a 1908, aka yi masa rajista a 1953, kuma har yau shi ya fi yawa a gonakin ƙasar. Wasu na ganinsa gama-gari. Mu dai ba mu san irin da ya kai shi riƙe haɗi ba, saboda ɗacinsa, baurinsa da garɗinsa babu wanda ya tsere wa ɗan'uwansa.

Makinohara fili ne mai shan rana, ganyensa yana yin kauri da bauri. Maganin da manoman yankin suka samo shi ne doguwar turarawa, fukamushi, minti ɗaya zuwa biyu maimakon daƙiƙa 30 ko makamancin haka. Ganyen yana farfashewa, a tire ba shi da kyan gani, amma ruwansa ya fi kauri da laushi. Na huɗu ya fi tsayawa a baki, har bayan ya huce bai yi ƙauri ko tsami ba. Shi ne ginshiƙi.

9 ga Mayu

Ganyen Honyama, daga tsaunukan da ke saman kogin Abe, ya iso. Can hazo da inuwar dutse suna rage wa gona rana, tsinka tana jinkiri. Gajeruwar turarawa ake yi masa, asamushi, ganyen ya fito siriri kamar allura, ruwan garai-garai mai launin ɗorawa. Wanda bai sani ba zai ce bai ji ganye ba. Ƙamshinsa kuwa yana hawa hanci bayan an haɗiye, da wani bauri mai tsabta da ke wanke baki. Daga samfura huɗu mun ɗauki na farko.

14 ga Mayu

Tankaɗe da gashi. Kowane ganye an raba shi a rariya gida uku bisa girma, an fitar da tsinke da gari gefe. Ba a gasa su tare, domin ƙanana za su ƙone kafin manya su bushe. Gashin yana sauke danshi zuwa kusan kashi 3, ya kori gafin ɗanyen ganye, ya fito da ƙamshi mai zaƙi.

A ƙaramar gangar gwaji mun kai kowane ganye mataki uku, zafin ganyen kansa kusan digiri 90, 105 da 120. A 120 Makinohara ya yi ƙamshin soyayyar gyaɗa mai daɗi ƙwarai, amma koren ya dusashe, kuma ya binne Honyama da aka haɗa su. A 105 ya tsaya daidai. Saemidori da Honyama a 90 muka bar su. Da an ƙara, abin da aka saye su dominsa ne ke fara tafiya. Za su huta kwana huɗu a rufe. Ganyen da ya fito daga wuta yau ba ya faɗin gaskiyar ɗanɗanonsa.

19 ga Mayu

Haɗi huɗu na giram 20 kowanne, a jeren Makinohara, Saemidori, Honyama: 60-20-20, 50-30-20, 50-20-30, 40-30-30. A kwanon gwaji da tafasasshen ruwa na uku ya yi nasara. Da muka koma buta da ruwa mai digiri 70 sai labari ya sha bamban: Honyama ya ɓace gaba ɗaya a jiƙon farko, ya ɓullo a na biyu shi kaɗai.

Dalilin shi ne gudun sakin ɗanɗano. Farfasasshen fukamushi yana gamawa cikin daƙiƙa 30 zuwa 40, allurar asamushi kuwa ko buɗewa ba ta gama yi ba sai bayan minti ɗaya. Minti 5 na gwaji yana ɓoye wannan tazara tunda kowa ya samu lokaci. A nan gizo yake saƙa: kwanon gwaji na zaɓen ganye ne, haɗi kuwa a buta ake yanke masa hukunci.

Matsala ta biyu a gwangwani take. Da muka girgiza shi na minti ɗaya kamar yadda zai sha a mota, ƙanana suka gangara ƙasa, allurai suka taso sama. Mai saye zai sha shayi ɗaya a makon farko, wani dabam a na ƙarshe.

Gyara ɗaya ya taɓa duka biyun. An gutsuttsura allurar Honyama a rariyar yanka har tsawonta ya ragu da kusan rabi, an kuma ƙara tankaɗe mafi laushin garin Makinohara. Sabon rabo 55-25-20. Mun gwada shi a ɓoye, kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, an juya lambobi ƙasa. An bambance shi da 60-20-20 kowane zagaye, kuma shi aka fi so. Wannan sana'a ta hanci da harshe ba a koyonta a rana ɗaya. Ko kamfanin Suntory, da ya yi suna wajen haɗa wuski, da ya tashi fitar da koren shayin kwalba na Iyemon a 2004, da gidan shayin Fukujuen na Kyoto ya haɗa kai, waɗanda suke harkar tun 1790.

23 ga Mayu

Ma'aunin dafawa, na mutum uku: ganye giram 7, ruwa mililita 210.

A digiri 60, minti ɗaya, garɗi ya cika baki amma ƙamshi bai tashi ba. A 70, daƙiƙa 45, komai ya fito. A 80, daƙiƙa 30, bauri ya ƙaru amma ana sha da daɗi, wato sharaɗin digiri 10 ya cika. A 90 ɗaci ya yi rinjaye ko da an tsiyaye da sauri. Sinadarin da ke ba da garɗi da zaƙi, tiyanin, yana narkewa ko a ruwa mai sanyi. Masu kawo bauri da ɗaci, katekin da kafeyin, sai ruwa ya haura 80 suke fitowa da yawa. Mai dafawa da zafin ruwa yake zaɓen wanda zai yi magana a kofi.

Wanda ba shi da ma'auni ya bi wannan: daga tafasa a zuba ruwan a kofuna ukun, a jira rabin minti, a juye a wani kwano, a sake jira, sannan a kan ganye. Kowane juyi cikin mazubi mai sanyi yana cin digiri 7 zuwa 10. Kofunan sun ɗumama, kuma an auna ruwan daidai.

Kada a girgiza buta. Girgiza tana tayar da gari ta kawo ɗaci. Ana tsiyayewa kaɗan-kaɗan, na ɗaya, na biyu, na uku, a dawo na uku, na biyu, na ɗaya, don kada wani ya sha ruwa wani ya sha madara. Ɗigon ƙarshe ya fi kowanne ƙarfi, a jira shi. Ruwan da aka bari a gindin buta yana ci gaba da jiƙa ganye, jiƙo na biyu ya fito da ɗaci. Bayan an tsiyaye a bugi gefen butar da tafin hannu ganyen ya bar bakin mataci, a karkata murfi tururi ya fita.

Jiƙo na biyu digiri 80, daƙiƙa 10. Na uku digiri 90, daƙiƙa 30. Masu ataya sun san zagaye uku, sai dai a nan jerin a juye yake: na farko ne mai zaƙi da kauri, na ƙarshe mai ɗan ɗaci mai wanke baki, kuma babu sukari ko na'a-na'a a ko'ina.

Butar kyusu ta yumɓu daga Tokoname, mai mariƙi a gefe, muka yi amfani da ita. Mai ƙaramin mataci a bakin hanci ta toshe tun a jiƙon farko, tsiyaya ta ɗauki ƙarin daƙiƙa 20, shayin ya wuce. Mai ragar ƙarfe da ta zagaye ciki ba ta toshe ba. Ita za mu rubuta.

29 ga Mayu

Abinci. Ƙa'idar da ta fito fili ita ce jiƙon farko shi kaɗai ake sha. Duk abin da ya riga shi shiga baki, musamman mai zaƙi, yana kashe garɗinsa. Alewa tsakanin na farko da na biyu take shiga, inda baurin na biyu yake samun abin wankewa.

Abekawa moci, curin shinkafa mai danƙo da ake birkiɗawa a garin gasasshen waken suya da sukari, na nan Shizuoka ne, kuma shi ya fi dacewa. Ƙamshin gasasshen waken ya haɗu da gashin da muka yi wa Makinohara kamar don juna aka yi su. Yokan, alewar jan wake da ake yankawa, ya yi kyau in yankan bai wuce kaurin yatsa ba. Ya fi haka, shayin ya koma ruwan ɗumi. Wanda ba zai samu waɗannan ba, mun gwada busasshen dabino, rabin ƙwaya ya yi aikin yokan. Mai laushi mai zuma ya yi yawa. Soyayyar gyaɗa mara gishiri ta shiga da jiƙo na uku.

A ɓangaren gishiri, soyayyen ƙananan jatan lande na gaɓar Suruga, sakura ebi, wanda ake kwaɓawa da fulawa a tsoma a mai, ya fi son digiri 80 tun daga farko. A 70 maiƙo ya rinjayi shayin, a 80 bauri ya yanke shi. Curin shinkafa da gishiri da kayan lambun da aka jiƙa a gishiri sun tafi da kowane jiƙo.

Ɗanyen kifin katsuo ya ƙi. Da jiƙon farko mai ɗumi ƙarni ya ninka, har da ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Da na uku mai zafi ya gyaru. Ba banza ba gidajen sushi, masu sayar da shinkafa da ɗanyen kifi, suke ba da shayin gari mai zafi da ƙarfi. Wasabi-zuke, wani tsimi na tsiron wasabi mai yaji, ya toshe hanci, ƙamshin Honyama bai sake dawowa ba sai bayan minti goma. Cakulan mai madara ya lulluɓe harshe, lemo kuma ya mayar da bauri tsami. Ukun nan ba za su shiga takarda ba.

6 ga Yuni

Damina ta kusa, iska ta yi nauyi da laima. Jiƙon sanyi: giram 12 a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a firji awa 4, a juya sau ɗaya, a tace. Zaƙi sosai, ɗaci kusan babu, Saemidori ne ke kan gaba. A awa 8 an fara jin ganye-ganye. A sha a ranar.

Mun buɗe jakar gwaji ta giram 100 da aka riƙa buɗewa kullum tun 19 ga Mayu. Launin ruwan ya karkata zuwa rawaya, ƙamshin Honyama ya ragu da yawa, Makinohara yana nan. Iska, laima, haske, zafi da warin abin da ke kusa duk suna cin senca. Mun koma jaka ta giram 50 mai rufin alminiyam da aka cika da iskar naitirojin. Wadda ba a buɗe ba ta zauna a firji, amma in an fito da ita a bar ta ta kai zafin ɗaki kafin a yanka baki, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ganyen nan take. Wadda aka buɗe ba ta komawa firji. A matse iska, a ɗaure, a sa a gwangwani, a gama da ita cikin mako biyu.

13 ga Yuni

An gauraya kilo 30 na farko a babbar ganga. Mun ɗebi samfur daga sama, tsakiya da ƙasa, ukun sun yi daidai da na gwaji a launi da ɗanɗano. An ware giram 200 a injin daskarewa don ya zama ma'aunin da za a gwada haɗin baɗi da shi.

Da sauran rina a kaba game da jiƙo na uku. Da abinci yana wucewa, shi kaɗai kuwa ya yi sirara fiye da yadda muke so. Mako mai zuwa za mu cire kashi 5 daga Saemidori mu maye da Okumidori, iri mai jinkirin toho, mu ga ko zai riƙe ƙarshen ba tare da ya rage launi ba. An kuma ajiye kilo 2 na Honyama a ɗakin sanyi har kaka. Ganyen tsaunin nan yakan yi laushi in ya kwana wata huɗu ko biyar, kuma a zamanin Tokugawa Ieyasu, wanda ya mulki Japan a farkon ƙarni na 17, akan kai tulunansa tsaunin Ikawa su wuce lokacin zafi a sanyi. In baurinsa ya sauka a Oktoba, za a sake auna rabon, mai yiwuwa ya tashi daga 20 zuwa 25.